PLP1: Ƙwayar Gadon Da Ke Riƙe Rawanin Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Mai karatu, ka taɓa yin tuntuɓe da dutse cikin duhu? Idan ka tuna da kyau, zafin kashi biyu yake zuwa. Da farko za ka ji wani tsini mai kaifi nan take, har ka ɗage ƙafa ba ka sani ba. Sai bayan kamar daƙiƙa ɗaya wani raɗaɗi mai nauyi ya biyo baya, shi ne wanda zai sa ka tsuguna kana riƙe da yatsa. To me ya sa saƙo ɗaya ya riga ɗan'uwansa isa ƙwaƙwalwa, alhali daga wuri ɗaya suka taso?

Dalili shi ne hanyarsu ba ɗaya ba ce. Saƙon farko ya bi ta jijiyar da aka lulluɓe da wani farin kitse da ake kira mayalin, na biyun kuwa ya bi ta jijiyar da ba ta da wannan lulluɓi. A yau za mu duba wannan kitse, mu duba wata ƙwayar gado guda ɗaya mai suna PLP1 da ke taimakawa wajen gina shi, sannan mu ga abin da ke faruwa da yaro idan ta samu tangarɗa. Batun ya wuce ɗakin bincike. Ya shafi yadda ake kallon yaron da ya kasa zama ko tafiya a gidajenmu, da kuma wanda ake ɗora wa laifi.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Duk inda muka ce jijiya, muna nufin jijiyar saƙo, ba ta jini ba. Ƙwayar halitta ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi. Ƙwayar gado kuma wani yanki ne na DNA mai ɗauke da umarnin haɗa wani furotin, kuma daga iyaye ake gadonta.

Mene ne mayalin?

Kowace ƙwayar halittar jijiya tana da wani dogon zare da take aika saƙo ta cikinsa da ƙarfin lantarki. Wani zaren bai kai milimita ɗaya ba, wani kuwa yakan taso daga ƙasan laka har babban yatsan ƙafa, kusan mita guda kenan. Kamar wayar lantarki, idan zaren nan tsirara yake, wutar takan yi ta yoyo a hanya, sai an yi ta sabunta saƙon taku bayan taku. Shi ya sa a zaren da ba shi da lulluɓi saƙo ke tafiyar kusan mita 1 a daƙiƙa, wato saurin mai tafiya da ƙafa. A zare mai kauri da aka lulluɓe sosai, saƙo na iya kai mita 120 a daƙiƙa, fiye da kilomita 400 a awa.

Lulluɓin ba a haɗe yake daga farko har ƙarshe ba. Gaɓa-gaɓa ne kamar rake, kuma tsakanin kowace gaɓa da ta gaba akwai ɗan fili da aka bari a buɗe. Wani masani Bafaranshe, Louis Ranvier, shi ya bayyana waɗannan filaye a shekarun 1870, har yau da sunansa ake kiransu. A nan kaɗai ake sabunta saƙon, sai ya yi tsalle zuwa fili na gaba. Ka ɗauka motoci biyu ne suka tashi daga Kwangila za su Kano. Ɗaya tana tsayawa a kowane ƙauye tana sauke fasinja tana ɗauka, ɗaya kuma ba ta tsayawa sai a Tashar Yari, Kwanar Ɗangora da Kura. Ka san wadda za ta riga isa, ka kuma san wadda za ta fi shan mai. Haka abin yake a jiki, mayalin yana ƙara sauri kuma yana rage ɓarnar kuzari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cin kusan kashi 20 na kuzarinsa.

Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya raɗa masa suna a 1854, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓargo. Idan aka cire ruwan da ke cikinsa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 kitse ne, saura furotin. Idan ka taɓa ganin ƙwaƙwalwar rago a wurin mahauta an raba ta biyu, za ka lura bayanta ruwan toka ne, cikinta fari. Wannan farin, mayalin ne.

Wa ke naɗa shi?

Jijiya ba ta lulluɓe kanta. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu kenan. A ƙwaƙwalwa da laka sunansu oligodendurosayit, wani masani ɗan ƙasar Sifen, Pío del Río Hortega, ya bayyana su a 1921. Sunan yana da nauyi a baki, don haka mu kira su masu naɗi.

Ka taɓa tsayawa ka kalli yadda ake naɗa wa hakimi rawani ranar hawan sallah? Mai naɗi na ƙwaƙwalwa haka yake yi, sai dai shi da fatar jikinsa yake naɗin. Zai miƙa hannu ya kama zaren jijiya, ya shimfiɗa hannun ya yi faɗi kamar ƙyalle, sannan ya yi ta zagaye zaren, naɗi kan naɗi, sau gommai. Daga nan sai ya matse ruwan da ke tsakani, naɗe-naɗen su manne da juna. Mai naɗi guda yana iya miƙa hannuwa har 40 ko 50, kowane hannu yana riƙe da gaɓa ɗaya a zare daban. Ka ga kenan mutuwar mai naɗi ɗaya asarar zaruruwa da yawa ce. Wata masaniya Ba'amurkiya, Betty Ben Geren, ita ta fara nuna wannan naɗi a 1954 da madubin ilektoron, a jijiyoyin 'yan tsakin da ke cikin ƙwai.

A jijiyoyin hannu da ƙafa, wasu ma'aikatan ne daban ke aikin, ana kiransu ƙwayoyin Schwann, kuma kowace ɗaya gaɓa ɗaya tak take naɗawa. Mutanen Zariya sun san illar lalacewarsu ko da ba su san sunansu ba. Ƙwayar cutar kuturta cikin waɗannan ƙwayoyi take shiga ta zauna, shi ya sa fatar mai cutar ke daina jin taɓi da zafi, har ya ƙone ko ya ji rauni bai sani ba. Wannan mutuwar ji ita ce ma'aikatan Cibiyar Horarwa kan Tarin Fuka da Kuturta da ke Saye suke gwadawa a hannu da tafin ƙafar marasa lafiya. Kuturta dai daga waje take zuwa, kuma tana da magani. Abin da za mu tattauna a kai daga cikin gado yake tasowa.

Jariri ba ya zuwa da cikakken naɗi

Ana fara naɗin tun yaro na ciki, amma mafi yawansa bayan haihuwa ake yi. Shekaru biyun farko su ne lokacin da aikin ya fi zafi, sannan ya ci gaba a hankali har mutum ya haura shekara 20. Yana da tsari kuma: daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa sama, daga baya zuwa gaba. Sashen da ke kula da numfashi da tsotso shi ake fara gamawa, sashen goshi mai kula da tsara al'amura da danne zuciya shi ne na ƙarshe.

Kana iya ganin alamar wannan da idonka. Ka shafa tafin ƙafar jariri daga diddige zuwa yatsu, za ka ga babban yatsa ya ɗaga sama, sauran sun baje. Ka yi wa babba haka, yatsunsa lanƙwashewa za su yi ƙasa. Bambancin ya zo ne daga hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, wadda ba a gama naɗe ta ba sai yaro ya kai shekara ɗaya zuwa biyu. Tsayuwar wuya a wata 3 zuwa 4, zama a wajen wata 6, rarrafe, tsayuwa, tafiya, duk suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan aiki.

Ina PLP1 ta shigo?

A jikinka akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu haɗa furotin, an jera su a kan ƙunshe-ƙunshen DNA guda 46 da ake kira kuromosom. PLP1 tana zaune ne a kan kuromosom X. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Furotin ɗin da take haɗawa shi ne mafi yawa a mayalin ɗin ƙwaƙwalwa da laka, kusan rabin duk furotin ɗin da ke ciki. Jordi Folch da Marjorie Lees ne suka fara tace shi daga ƙwaƙwalwa a Amurka a 1951. Sarƙa ce mai ɗauke da tubala 276, tana ratsa fatar mai naɗi sau huɗu, kamar yadda allura ke shiga tana fita a wuyan babbar riga. Aikinta shi ne riƙe naɗe-naɗen nan kada su saki, da kuma taimaka wa mai naɗi ya kula da lafiyar zaren da ya lulluɓe. Wani abin mamaki, jerin tubalan nan 276 iri ɗaya ne sak a jikin mutum da na ɓera. A ilimin gado, idan ka ga abu bai sauya ko kaɗan ba tsakanin halittu masu nisa haka, alama ce cewa ba ya jure ko ƙaramin canji.

Cutar da ke biyo bayan tangarɗar PLP1 sunanta Pelizaeus-Merzbacher, a taƙaice PMD. A 1885 wani likitan Jamus, Friedrich Pelizaeus, ya ba da rahoton wani dangi da 'ya'yansu maza ke tasowa da rawar ido da ƙagewar gaɓoɓi, ya kuma lura cewa ta wajen uwa abin ke biyowa alhali ita lafiyarta lau. A 1910 Ludwig Merzbacher ya sake bin diddigin dangin nan, ya duba ƙwaƙwalwar ɗaya daga cikinsu da ya rasu, ya tarar farin sashen ya rasa mayalin. Sai a 1989 aka tabbatar da cewa PLP1 ce tushen matsalar. Cuta ce da ba ta da yawa: ƙiyasin Amurka ya nuna namiji 1 cikin 200,000 zuwa 500,000. Amma abin da ta koya wa masana game da ƙwaƙwalwa ya fi yawanta nesa ba kusa ba.

Hanyoyi uku da abin ke ɓaci

Ta farko ita ce yawa. A mafi yawan masu PMD, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ƙwayar gadon lafiyarta ƙalau, babu kuskure ko ɗaya a rubutunta. Matsalar ita ce an kwafe ta sau biyu a inda ya kamata a samu ɗaya. Sai mai naɗi ya yi ta haɗa furotin fiye da buƙata, rarar ta taru a cikinsa tare da kitsen kolestarol, aikin naɗi ya cije. Gishiri ne ya yi wa miya yawa. An gano wannan a 1994, kuma daga baya aka ga cewa yaran da ke da kwafi uku ko fiye ciwonsu ya fi tsanani.

Ta biyu ita ce kuskuren harafi. Wani lokaci tubali ɗaya tak cikin 276 ke sauyawa, sai furotin ya kasa naɗuwa yadda ya dace. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai sashen da ke tantance furotin kafin a fitar da shi, kuma ba ya barin mai aibi ya wuce. Ka ɗauki shagon tela gab da sallah, duk rigar da aka ɗinka sai ta fito a karkace, ba a ba mai ita ba, ba a kuma daina ɗinki ba. Kafin wani lokaci shagon zai cika har tela ya rasa wurin zama. Haka mai naɗi ke cika da gurɓataccen furotin har ya mutu. Nau'in PMD mafi tsanani, wanda ke bayyana tun makonnin farko na haihuwa, galibi daga nan yake.

Ta uku ita ce rashi gaba ɗaya, wato ƙwayar gadon ta goge ko ta daina aiki. Hankali zai ba ka cewa wannan ce za ta fi muni, ko ba haka ba? To ita ce mafi sauƙi a cikin ukun. Masu naɗi suna rayuwa, suna yin naɗinsu, ko da yake bai kai na kowa ƙarfi ba. Yaran sukan yi tafiya su yi magana, sai daga baya ƙafafu su fara ƙagewa saboda dogayen zaruruwan jijiya suna lalacewa sannu a hankali. Hausawa sun riga sun faɗa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Furotin mai aibi ya fi rashinsa illa. Wannan nau'i ya kuma nuna wa masana cewa mai naɗi ba lulluɓi kaɗai yake bayarwa ba, har ciyar da zaren yake yi, kuma binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna yana miƙa masa makamashi kai tsaye.

Me ya sa maza ne, kuma ta wajen uwa?

Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Namiji yana da X ɗaya daga uwa, da Y daga uba. Idan mace ta gaji X mai matsala, tana da na biyu da zai rufa mata asiri. Namiji ba shi da madadi, abin da ya samu shi ke nan.

Ga lissafin idan uwa tana ɗauke da ita. A kowane ciki akwai yiwuwa huɗu daidai wa daida: namiji mai cutar, namiji lafiyayye, mace mai ɗauke da ita kamar uwarta, ko mace da ba ta ɗauka ba. Kowane ciki lissafinsa daban, haihuwar mai cutar yau ba ta sa na gaba ya tsira, ba ta kuma sa ya kamu. Uba ba ya ba ɗansa namiji X, saboda haka ba ya gadar masa da PMD.

Yanzu kawo wannan cikin gida irin namu. A ce magidanci a Tudun Wada yana da mata biyu. 'Ya'yan uwargida maza biyu sun kasa zama, idanunsu na rawa, 'ya'yan amarya kuwa garau suna guje-guje a tsakar gida. Uba ɗaya, tukunya ɗaya, rijiya ɗaya. Ka san maganar da za ta fara fitowa: an yi musu sammu, kuma ba a nesa za a nemi wanda ya yi ba. Wasu su ce 'yan ruwa ne, wasu su ce aljanu sun musanya su. Alhali tsarin da aka gani shi ne ainihin abin da gadon X ke haifarwa. Da za a tambayi uwargida, mai yiwuwa ta tuna wani ƙanenta ko kawunta da bai taɓa tafiya ba, ko ɗan yayarta mace mai irin wannan lalura.

Kada kuma a ɗauke laifi daga kan kishiya a mayar kan uwa. Ba ta zaɓa ba, ba ta ci wani abu ba, ba ta taka wani abu ba. Hasali ma wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 1999 ya nuna cewa ninkuwar PLP1 ta fi faruwa a lokacin da jikin namiji ke haɗa maniyyi. Wato sau da yawa daga kakan yaron na wajen uwa abin ya faro, shi ma lafiyarsa ƙalau bai san an yi ba.

Abu biyu kuma da ya kamata ka sani. Gwajin jini na AA, AS da SS da ake yi kafin aure ƙwayar gadon sikila kawai yake dubawa, wadda ke kan kuromosom na 11, ba ya ganin PLP1. Sannan PMD ba ta buƙatar auren zumunci, uwa kaɗai ta isa. Akwai dai wasu cututtukan mayalin na gado, irin su Krabbe da MLD, da sai an gaji matsalar daga uwa da uba duka biyu, kamar sikila. Waɗannan su ne auren zumunci ke ƙara yiwuwarsu.

Alamomin da ake gani

Alamar farko galibi a ido take. Cikin makonni ko watannin farko, ƙwayar idon jariri takan yi ta rawa, gefe zuwa gefe ko tana zagaye. Jikinsa yakan yi laushi, wuya ya ƙi tsayawa, kai ya riƙa karkarwa. A nau'i mai tsanani akan ji wani ƙara idan yana jan numfashi, tsotso da haɗiya su yi masa wuya, wani lokaci da farfaɗiya. Da shekaru suka ja, laushin yakan juye ya zama ƙagewa, ƙafafu su sanƙare su harɗe, hannu ya riƙa kaucewa idan zai ɗauki abu. Magana takan zo a makare kuma da nauyi.

Ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba: fahimtar waɗannan yara ta fi abin da jikinsu ke iya nunawa. Suna gane mutane, suna jin wasa, suna jin zafin magana. Masu nau'i mai sauƙi sukan kai shekarun girma har su manyanta.

Sau da yawa akan sa su a layin masu shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, ko a ce galahanga ce a wuce wurin. Gaskiya ne a ƙasarmu mafi yawan yaran da suka kasa zama ko tafiya ba PMD ke damunsu ba. Manyan dalilan su ne doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawarar jarirai da ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau. Haka ita ma rawar ido tana zuwa ga zabiya da yaron da aka haifa da yanar ido. Abin da ke sa likita ya yi tunanin PMD shi ne haɗuwar abubuwa: yaro namiji ne, haihuwarsa lafiya aka yi ya yi kuka nan take, bai yi shawara ko sanƙarau ba, ido ya fara rawa da wuri, kuma akwai irinsa a dangin uwa.

Yadda ake tabbatarwa

Matakin farko tarihi ne, kuma wannan a hannunku yake. Sai hoton ƙwaƙwalwa na MRI, wanda ake samu a manyan asibitoci. Shi ke nuna ko farin sashen ya samu mayalin daidai da shekarun yaro. Hoton CT ba ya nuna wannan sosai. Ka tuna mun ce jariri ba ya zuwa da cikakken naɗi, don haka hoton da aka ɗauka kafin shekara ɗaya yana iya rikitarwa. Shi ya sa likita kan ce a sake wani bayan aƙalla wata 6. Idan ya faɗi haka ba neman kuɗinka yake ba, so yake ya ga ko naɗin yana gaba ko ya tsaya cak. Tabbaci na ƙarshe shi ne gwajin DNA, wanda zai ƙirga kwafin PLP1 ya kuma karanta rubutunta. Idan an gano, ana iya gwada uwa da 'yan'uwanta mata su san matsayinsu.

Akwai magani?

Zuwa yanzu babu maganin da ke warkar da PMD. Duk wanda ya ce zai warkar da ita da turare ko jiƙo, kuɗinka kawai zai ci. Amma kulawa tana sauya rayuwar yaron ƙwarai. Gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kullum suna hana su daskarewa. Akwai magungunan sassauta ƙagewa irin su baclofen, da na farfaɗiya, amma likita ne zai rubuta. A riƙa ciyar da yaro a zaune, kansa a miƙe, da abinci mai ɗan kauri, a hankali. Ɗura haɗari ce babba a gare shi, domin abinci na iya bi ta hanyar iska ya haifar da ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan yara. A kammala masa allurar rigakafi, a riƙa juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo, a fito da shi cikin 'yan'uwansa.

A ɓangaren bincike kuwa akwai labari mai daɗi, kuma daga karin maganar nan ta muguwar rawa ya fito. Tunda rashin furotin ya fi gurɓataccensa sauƙi, me zai hana a rage shi? Akwai wani nau'in ɓera mai suna jimpy da ke da kuskure a wannan ƙwayar gado, yana karkarwa, yana mutuwa a kusan mako 3 da haihuwa. A 2020 ƙungiyar Paul Tesar ta Jami'ar Case Western Reserve a Amurka ta wallafa a mujallar Nature cewa sun yi wa irin waɗannan ɓeraye allura sau ɗaya da wani ɗan guntun zare mai kama da DNA, wanda ke manne wa saƙon PLP1 ya sa a rushe shi kafin a haɗa furotin. Masu naɗi suka farfaɗo, mayalin ya ƙaru, ɓerayen suka rayu har wata 8, lokacin da aka rufe gwajin. A 2024 kamfanin Ionis ya fara gwada irin wannan magani a kan yara masu PMD. Gwaji ne na matakin farko, kuma abin da ya yi aiki a ɓera ba lallai ya yi a mutum ba, amma wannan ne karon farko da ake tunkarar cutar daga tushenta ta wannan hanya.

Abin da ke hannunka

Ba za ka iya sauya ƙwayar gadon da ɗanka ya gada ba, amma masu naɗin kowane yaro suna buƙatar kayan aiki. Suna cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka fi tara sinadarin ƙarfe, saboda haka maganin ƙarin jini da ake ba mai ciki a awo ba na wasa ba ne. Suna buƙatar sinadarin da maƙoshi ke fitarwa, shi kuma sai da aidin, wanda ake samu a gishirin da aka ƙara masa shi. Suna buƙatar bitamin B12 da ke cikin nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Nonon uwa zalla a wata 6 na farko yana ba da kitsen da ake ginin da shi. Idan kuma idon jariri ya yi rawaya a makon farko, asibiti za a nufa ranar, ba a jira suna ba.

Idan ka ga idon jariri na rawa, ko wuyansa bai tsaya ba bayan wata 4, ko bai zauna ba a wata 9, ko bai yi tafiya ba a wata 18, ko ya daina abin da a da yake iyawa, a kai shi a duba. Daga asibitin unguwa ana iya tura ku sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005. Idan matsalar ta ido ce, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Kafin ku tafi, ku zauna da kakar yaron ta wajen uwa ku yi mata tambayoyi. A cikin 'ya'yanta maza, da 'yan'uwanta maza, da 'ya'yan 'yan'uwanta mata, akwai wanda bai yi tafiya ba? Akwai wanda ya rasu yana ƙarami ba a san dalili ba? Ku rubuta amsar a takarda, ku ɗauki ɗan bidiyon rawar idon a waya, ku nuna wa likita. Waɗannan biyun ba sa cin ko kwabo, kuma sau da yawa su ne ke sa likita ya san gwajin da ya kamata a fara da shi.